Man da Mai Walda Ya Yi Alkawari

To ai dai an gano! Wallahi an gano abin da ya cinye gidan Mai Walda, kuma ba ciwon suga ba ne yadda aka yi ta faɗa a wajen awo. Ku tsaya in gyara goyo in ba ku daga tushe.

Mutumin nan shekara da shekaru yana tsugune a bakin titi, yana liƙin ƙofa da salansar mota. Ido ya yi ja, baya ya ƙage. Sai aka zo shimfiɗa bututun gas. Manyan motoci suna wucewa ta gaban rumfarsa ɗauke da bututu, irin wanda mutum zai shiga a sunkuye. Kowa na samun kwangila, mai haƙa, mai kai ruwa, har mai sayar wa leburori abinci. Shi kuwa ƙura kawai yake sha. Ya kai takardunsa ofis har takalmi ya cinye, kullum sai a ce ya dawo.

Wani direban tanka ne ya ce masa, "Maigida, ƙafa ba ta ba da kwangila. Akwai wani boka tsoho a bayan bolar ƙarafa."

Da rana tsaka ya je. Rumfar kwano ce duk tsatsa, ciki duhu, sai ƙaurin gashi. An binne rabin duro a ƙasa, an kewaye shi da ƙahoni da jan ƙyalle. A cikin duron akwai wani baƙin abu mai kauri, yana ɗagowa yana komawa kamar mai numfashi. Bokan kuwa a bushe yake ƙayau, leɓe duk ya tsage.

"Bututu kake so," in ji boka, tun Mai Walda bai buɗe baki ba.

"Ko kilomita guda ce, Baba. Na gaji."

"Na ƙasa za su ba ka. Amma suna da ƙishi. Mai suke sha."

Mai Walda ya yi dariya. "Mai? Ni da zan kwana a kan mai! Fetur ko baƙin mai?"

"Na gidanka. Ba na kasuwa ba."

Ya ce a ransa, in na saya na ajiye a gida ai ya zama na gidana. Ya tsoma yatsa a duron, ya lasa yadda aka ce masa. Abin da ɗumi, kamar jikin mutum.

Kafin wata ya mutu, injiniya da kansa ya tsaya a rumfarsa. Sai ga fili, ga injuna, ga ma'aikata, ga gida mai tayil har banɗaki. Ya yi tumbi, wuya ya ninke. Duk wata yana kwanar da duron mai a tsakar gida, da safe ya aika wa boka.

Uwarsa ce ta fara. Mace ce jibgegiya, da ƙyar take shiga mota. Awarwaronta ya soma zamewa har gwiwar hannu. Tana ci, tana bushewa. Likita ya auna komai, bai ga komai ba. Matan da suka yi mata wanka sun ce mutum ɗaya ce ta ɗaga ta, kamar kwando.

Ƙaninsa ya bi. Sai matarsa, nono ya ƙafe, fata ta yi furu-furu. Wata rana ya shigo ya same ta a kicin tana kafa kai a galan ɗin man girki.

"Ke, lafiya?"

"Baban Ɓulɓul, tsotsata ake yi. Ba ka ji ba? Ta tafin ƙafa."

Daga ranar ba ta sake gane kowa ba.

Ɓulɓul ita ce jaririyarsu, cinya duk ninki. Da ya ɗauke ta sai ya ga ninkin ya fara ɓacewa. Ya ja mota sai bolar ƙarafa. Ga durorinsa nan jere, ko murfi ba a taɓa ba.

"Baba, ga mai na aiko, me ya sa ba su sha ba?"

"Wannan na kamfani ne. Na gidanka na ce."

Ba ihu, ba kuka, gajiya ce kawai ta sauko masa.

"Su bar min yarinyar. Su sha nawa."

Boka ya dubi tumbin. "Zai riƙe su. Sai dai ba sa barin saura."

"Na ji."

Yanzu haka yana nan zaune a ƙofar filinsa, riga kamar an rataya a ƙusa. Duk inda ya liƙa ya fara yoyo, kamfani ya ƙwace aikin, an kwashe injuna. Ƙanwar matarsa ta zo da yarinyar ya gani, ta murmure, kumatu sun dawo har suna sheƙi. Ya miƙa hannu zai ɗauke ta, hannun ya kasa.

'Yan uwa mata, duk wadda mijinta ya fara cewa ya gaji da talauci ko ta halin ƙaƙa, ta zaunar da shi. Kwaɗayi ba ya cin baƙo, mutanen gida yake ci. Don Allah ku tura wa na kusa da ku, kar ya tsaya a wayarku.