Garin Da Ya San Mai Shi

Ƙarfe tara na safe Sufeto ya iso ɗakin gwaje-gwajen. Dakta, shugabar wurin, ta nuna masa kwalba wayam.

"Aikin shekara uku ne a ciki, Yallaɓai. Farin gari."

"Hodar iblis?" Ya ɗaga gira.

"Roba ce. Ka san ɓarawo kan danna makulli a sabulu ya ɗauki siffarsa?"

"Wannan kam fannina ne."

"To, haka muke yi. Akwai ɗan guntun furotin, feftaid, da ke fitowa a jini tun ciwon ƙoda bai kankama ba. Mukan daskarar da roba a kansa, mu wanke shi, gurbinsa ya zauna. Ko cikin dubu aka cakuɗa shi, garin shi kaɗai zai cafke. Jibi asibiti za su fara gwadawa."

"Wa kuke zargi?"

Mataimakinta ya yi caraf. "Goggo mai shara. Ta zubar, ta wanke kwalbar. Takardar korarta ma na rubuta."

Goggo na zaune a bakin ƙofa, tsintsiya a cinya, ido ya yi ja.

"Ɗan nan, shekara goma sha ɗaya ina share ɗakin nan. Ko ƙuda ya mutu a kwalbarsu ba na cirewa."

Sufeto ya shinshina kwalbar. Warin sinadarin wanke kayan gwaji ya bugi hancinsa.

"Da me kike wanki, Goggo?"

"Ruwa da sabulu mana. Da me kuma?"

Ya juya ga Mataimaki. "Jiya ka taɓa kwalbar nan?"

"Ni? Ko kusa da ita ban je ba."

Sufeto ya sa Kofur ɗin da suka zo tare ya bincike ko'ina. A ɗakin shan shayi, bayan kofuna, aka ciro gwangwanin madara. A gindinsa an manna 'yar takarda, an rubuta kwanan watan jiya da nauyin abin da ke ciki, har da ɗigo.

"Rubutun wa ke nan?"

Mataimaki ya dubi gwangwanin. "Nawa ne. Amma garin banza ne, marar gurbi. Kamarsu ɗaya."

"Dakta, za a iya tambayar garin da kansa?"

Ta ɗura kaɗan a siririn bututu, ta zuba ruwa mai feftaid iri biyar, ta kai wa na'ura abin da ya tsiyayo. Layi huɗu suka fito a allo. Na biyar, na ƙodar, garin ya riƙe shi gam.

Dakta ta dafe ƙirji. "Shi ne! Bai lalace ba!"

"Malam," in ji Sufeto, "ka iya sata, amma hannunka ya ci amanarka. Wanda ya saba da ɗakin gwaji ba ya iya ajiye abu bai rubuta masa kwanan wata ba."

Mataimaki ya zauna daɓas. "Tare muka yi wahalar, sunan Dakta kaɗai ake kira. Wani kamfani ya ce in na kai masa garin zai sa nawa."

"Sai ka ɗora wa tsohuwa?"

Kofur ya danna wa Mataimaki ankwa, Dakta kuwa ta yayyaga takardar korar.

Za su fita, Goggo ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Kofur, bi da shi ta gefe, don Allah. Nan yanzu zan goge."