Ƙwaryar Da Baba Ya Fasa

"Ba zan dafa ba, Baba."

Tsakar gidanmu ta yi tsit. Baƙin bunsurun da aka ɗaure a gindin tsamiya ne kaɗai bai fasa tuƙarsa ba.

Baba ya sake maimaitawa a hankali, kamar mai magana da kurma. Ya ce hannu kawai zan ɗora a kan bunsurun kafin a yanka wa kan gida, wato iskan gidanmu, yadda kowace 'yar gidan nan ta yi tun zamanin kakanni, don iskan da ke tsaron gidan ya san na tashi, ya raka ni ɗakin mijina.

"Na ji, Baba... amma ba zan dafa ba. Ina da mai raka ni."

A shekarar 1958 ke nan, bayan an gama girbin dawa, saura kwana uku a kai ni gidan Gwadabe a Rurum. Mu Maguzawa ne, gidanmu yana bayan duwatsun Kibiya. A gida Kande ake kirana, don ni kaɗai ce mace bayan maza huɗu. Baba da kansa ya kai ni makarantar 'yan mata ta mishan, don a samu mai karanta masa wasiƙun yayana da ke soja. Bayan shekara shida na dawo da karatu, da baftisma, da suna Rifkatu. Shi kuwa karatun kaɗai ya aike ni in ɗauko.

Babu wanda ya tilasta mini Gwadabe. Ni na zaɓe shi, tun ranar da na gan shi a gayya ya bar sauran samari kunya biyu a baya, sannan ya dawo yana taya wani tsoho ƙarasa tasa. Ya san ni mai bin Yesu ce, ya ce ba zai hana ni sujada ba. Na ɗauka magana ta ƙare.

Da la'asar ranar da na ƙi dafa bunsurun, Gwadabe ya same ni a bayan rumbu, duk ya jiƙe da gumi, don da gudu ya zo.

"Kandeta, me kika yi haka?"

"Rifkatu."

"To, Rifkatu. Hasken idona, hannu ne fa kawai. Ki ɗora, ki ɗauke. Zuciyarki taki ce, wa zai leƙa ya gani?"

Na tambaye shi, in wani saurayi ya ce in riƙe masa hannu a tsakiyar kasuwar Kibiya, na ce ai zuciyata ta Gwadabe ce, zai yarda? Ya ce wannan daban. Na ce babu wani daban. Ya ce taurin kaina ya fi dutsen Rurum. Na ce ya san da haka kafin ya kawo kaya.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da an lallaɓa. Amma akwai Tasalla, 'yar ƙanin Baba, wadda tun muna yara in na ɗaura zane sai ta ce nata ne ya fi. Ta daɗe da sa ido a kan Gwadabe. Ta sha ganina ina haɗiyar ƙwayar maganin zazzaɓi da aka saba ba mu a makaranta. Washegari ta ɗauki ƙafa har Rurum, ta gaya wa Iya Dela, mahaifiyarsa, wai Turawa suna ba 'yan makaranta wata farar ƙwaya mai busar da mahaifa, shi ya sa nake tsoron dafa bunsuru, don kan gida zai tona ni.

Maganin zazzaɓi! Da Iya Dela ta zo gidanmu tare da Gwadabe, na kawo kwalbar, na karanta musu abin da aka rubuta a jiki. Iya Dela ta ce ai ni ce mai karantawa, ni ce kuma mai haɗiya. Ta sa aka kwashe kayan aure a ranar.

Gwadabe yana tsaye, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi kowace magana yi mini ciwo.

Baba bai dake ni ba. Ya shiga ɗakin Inna, ya fito da ƙwaryar da nake cin tuwo a ciki tun ina 'yar shekara biyar, ya ajiye ta a ƙofar gida, ya taka. A wurinmu, wanda aka fasa wa ƙwarya ba shi da sauran rabo a tukunyar gidan. Inna ta toshe bakinta da gefen zane. Na ɗauki Littafi Mai Tsarki da zannuwana biyu, na kama hanyar Rano, kaina a sama. Sai da na wuce gonarmu ta ƙarshe na zauna a kan dutse na yi kukan da ban yarda su gani ba.

A Rano na samu aiki a ɗakin magani na mishan, ina wanke gyambo ina ɗaure bandeji. Gwaggo Saude, wata Musulma mai ƙuli-ƙuli, ita ta ba ni ɗaki. Ta ce ba ta gane addinina ba, amma ta gane yarinyar da ba ta ci abinci ba.

Wata goma sha huɗu ban ga kowa nawa ba. Na ji dai labarin an ba Gwadabe Tasalla, amma yana ta ja wa auren rai, yau ya ce sai bayan shuka, gobe sai bayan girbi. Na ce ba ruwana. Ƙarya nake.

Wata safiya ina tafasa almakashi, na ɗaga kai, sai ga shi yana jan jaki. A kan jakin Iya Dela ce, ƙafarta ta dama a naɗe da tsumma, ƙudaje na bi. Gyambo ya ci ƙwabrinta har kusa da ƙashi.

Tana ganina ta ce a juya da ita gida, gara ƙafar ta guntule.

Ni ma, in faɗi gaskiya, abin da zuciyata ta ce ke nan. Na shiga ciki na tsaya ina cizon leɓe. Na ce, Ubangiji, duk garin nan ka rasa wadda za ka kawo mini sai wannan? Ban ji amsa ba. Na ɗauko tasa da ruwan ɗumi na fito, na durƙusa a gabanta.

"Sannu, Iya. Miƙo ƙafar."

Mako bakwai muka yi. Kullum ina wankewa tana zagi. Ta ce hannuna nauyi kamar na maƙeri. Ta ce da gangan nake zuba aidin don in rama. Ta ce ruwan ya yi zafi. Na surka, ta ce ya yi sanyi. Sau biyu ta kwance bandejin ta cusa ganye, aikin kwana goma ya lalace. Rannan na fita bayan ɗaki na harbi bokiti har ya lotse.

A nan Gwadabe ya same ni.

"Kin tsane ta, ko?"

"Haushinta nake ji kamar in mutu. Naka ma haka."

"To, me ya sa kike durƙusa mata?"

"Don Ubangijina ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na wanda zai bashe shi. Bai tambaye ni ko ina so ba."

Ya ɗaga lotsattsen bokitin ya ajiye a gefe.

"Rifkatu... rannan da na yi shiru. Tsoro na ji."

"Na sani."

"Ke ba ki ji ba?"

Na ce masa gwiwoyina har karo suke yi a gaban bunsurun nan, zane ne ya rufa mini asiri. Ya yi dariya, sai kuma hawaye.

Ranar Lahadi na gan shi a bencin baya na majami'a. Ban yi masa magana ba. Na ce in don ni ya zo, zai gaji. Bai gaji ba. Wata takwas yana takowa daga Rurum kowane mako, mai bishara yana koya masa. Ranar da aka yi masa baftisma, mahaifinsa ya cire shi daga gandu, aka raba wa ƙannensa gonar da ya share da hannunsa. Tasalla ta auri wani mahauci a Dawaki, har yau in mun haɗu sai ta tofar da yawu.

An ɗaura mana aure mako biyu bayan an sauke tutar Ingila. Mutum tara ne a majami'ar. Gwaggo Saude ba ta shiga ba, amma ta tsaya a waje da tukunyar tuwo. Muna fitowa na ga wata tsohuwa a gindin darbejiya, tana ɗingishi kaɗan. Iya Dela ce. Ta miƙo mini abu a ƙunshe a tsumma, ba ta dube ni ba.

Sabuwar ƙwarya ce, an yi mata zane a baki.

"Ki riƙe da kyau," in ji ta, "da wannan hannun naki na maƙera."

A cikinta nake cin tuwo har yau. 'Ya'ya biyar na haifa, kowanne Iya Dela ce ta yi masa wankan farko, ba ta taɓa tayar da maganar farar ƙwaya ba.

Amma kada wata ta karanta wannan ta ce abin ya zo da sauƙi. Gwadabe bai sake noma ƙasar ubansa ba, gonar aro ya yi ta bi har gashinsa ya yi fari. Inna sai a ɓoye take ganin jikokinta, a bayan rumfar masu daddawa. Baba ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan ranar bunsurun. Sau shida na durƙusa masa a kasuwar Kibiya na ce, "Ina wuni, Baba," sau shida ya kau da kai. Ya rasu bai kira ni Rifkatu ba, bai kuma sake kirana Kande ba.

Abin da ƙin ɗora hannun nan ya ci mini ke nan: ubana. In aka sake kawo bunsurun gobe, ba zan dafa ba.