Kuɗin Magana

Ranar da ta fara ganinsa ƙyamarsa ta ji, ba so ba. Gara a faɗi wannan tun farko, kada wani ya zata daga kallon farko zuciya ta buga.

Malamar tuƙi ce. Mata take koya wa mota da wata 'yar jar motarta mai birki biyu, ɗaya na ɗaliba ɗaya nata. Aikin kanta take yi, don haka babu mai tara mata fansho in ba ita ta tashi tsaye ba. Wata ɗalibarta ce ta kwatanta mata ofishin mai ba da shawara, a saman wani kantin magani, matakalar duk warin man zafi.

Ta same shi tsaye a kan kujera yana zungurar fankar da ta ƙi juyawa. Dogo ne siriri, da tabarau. Ya sauko da sauri yana kakkaɓe hannu, ya amsa sallamarta, ya nuna mata wurin zama.

“Malama, kafin mu fara, ni ina karɓar kuɗin zama. Ga shi can a jikin ƙofa. In ya yi miki yawa, wallahi ba komai.”

“Kuɗin me?”

“Kuɗin shawara.”

Ta dube shi sama da ƙasa. “Ikon Allah! Maganar baki ma yanzu sai an saya? Gaisuwar da muka yi tana cikin lissafi?”

“A'a. Gaisuwa ba a biya. Ruwan sanyi ma haka.”

Ko murmushi ba ta yi ba. Saurayi zankaɗeɗe, a ce ya rasa abin sayarwa sai yawun bakinsa? Tir! Ta biya ne kawai don kada ya ce ba ta da shi, a ranta kuwa ta riga ta laƙaba masa suna: Mai Mita, kamar ɗan tasi.

Kamfanoni uku ya baje mata. Ɗaya cajinsa kaɗan ne, amma in ka kira su sai ka tsufa a waya. Ɗaya ba ya sa kuɗin mutane a harkar kuɗin ruwa, sai dai ya ɗan fi tsada. Na ukun shi ne mai tallan nan da ya cika gari, shiga da sauƙi, ranar fita kuma su yanke maka tara.

“To wanne ka zaɓa min?”

“Zan gaya miki wanda na ga ya dace da ke da dalilina, zaɓi kuma naki ne. Babu wanda ke ba ni kamasho a cikinsu. Ke kike biyana, ke nake wa aiki. Duk wanda zai ba ki shawara a kan kuɗinki, ki fara tambayarsa wa ke biyansa.”

Ta ja tsaki a matakala har mai kantin magani ya leƙo.

Ba a daɗe ba ta hango shi a bakin titi ana tsuga ruwa, ya ɗora jaka a ka, duk motar da ya tsayar sai ta wuce. Ta so ta wuce ita ma. Ƙafarta ce ta taka birki ba da shawararta ba.

“Shigo. Amma ka sani mita ta fara juyawa.”

Ya shigo yana ɗiga, ya yi dariya har tabarau ya zame masa. “Hira a hanya fa?”

“Ita ta fi tsada.”

Daga ranar aka fara. Ashe bai iya mota ba, ashe tsoron manyan motoci yake ji, da ya ga tirela sai ya taka birkin malama da ke gabansa da ƙarfi motar ta yi tsalle. Ita kuma ta gano cewa rabin masu hawa matakalarsa juyawa suke da sun ga rubutun ƙofa, har ofishin ma da ƙyar yake biyan haya. Saƙonni suka fara kai da kawowa.

“Direbata, kin isa gida lafiya? Yau wata tsohuwa ta ce min Allah ya shirye ni. Na ce amin.”

“Na isa, Mai Mita. Amin ɗin ma ka caje ta?”

“Na yi mata ragi. Ki huta, kada ki manta da maganin murar nan.”

Ana cikin haka, kwatsam, sai ga wani saƙo daga gare shi:

“Malama, daga yau ba zan ƙara ba ki shawara a kan fanshonki ba. Akwai wata abokiyar aikina a layin bayan asibiti, ta fi ni sani. Zan tura miki lambarta.”

Malama! Bayan Direbata? Ta karanta ta sake karantawa, ranta ya yi baƙi ƙirin. Wato ya gama da ita, har da miƙa ta ga wata. Ta kashe wayar, ranar ɗalibanta sun sha faɗa ba su san laifinsu ba.

Washegari ta fito ta same shi jingine da jar motar, idanunsa sun faɗa.

“Me na yi miki, Direbata?”

“Ai ka sallame ni. Ka koma wurin wadda ta fi ka sani.”

Ya cire tabarau ya goge. “Wadda ta fi ni sanin ta haifi kamata, har jikoki gare ta. Ba sallamarki na yi ba. Jiya na zauna zan duba takardunki, sai na kama kaina ina lissafa tsufanki tare da nawa. Mutumin da ke son aurenki bai kamata ya gaya miki inda za ki ajiye kuɗinki ba. Zuciyata ta shiga ciki, ba zan iya rantsewa shawarar za ta fito da tsabta ba.”

Ta sunkuyar da kai tana wasa da makullin mota. “Yanzu wannan neman aure ne ko bayanin aiki?”

“Duka biyun. Ki yi haƙuri, ban iya raba su ba.”

Ta shige mota da gudu don kada ya ga yadda fuskarta ta washe.

Matsalar a gida take. Abbanta mai shagon fenti ne, gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, yana ƙirga lokacin da zai rufe shago ya ci fanshonsa. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa Uwata yake kiranta, bai taɓa hana ta abin da take so ba sai wannan karon.

“Mai sayar da magana? Haba Uwata! Wanda zai karɓi kuɗin mace don ya buɗe baki, gobe in kin ce masa sannu da zuwa rasit zai ba ki. Ga yaron kirki nan, shekara da shekaru yana kula da fanshona, ko sisina bai taɓa karɓa ba.”

Yaron kirkin nan ita Mai Turare take ce masa. Shi ne ya buɗe wa Abba fansho a kamfanin nan mai talla, tun tana makaranta. Tun kafin ya shigo layi turarensa ke sallama, in ya tafi kuma sai an buɗe tagogi. Da makullin mota yake sosa kunne, ya duba abin da ya fito, ya shafe a hannun kujera. Ba ya zuwa hannu rabbana: yau kwalin madara, gobe agogon bango, jibi man shafa gwiwa. “Babana” yake ce wa Abba, yana jan kalmar har ta yi yauƙi. Kwanan nan kuma ya fara cewa gidan nan akwai abin da ya fi fansho daraja, yana kallon ƙofar ɗakinta.

Umma kuwa ita ce ke goge hannun kujerar da omo duk sanda ya tafi.

Don ta faranta wa Abba ta yarda ta zauna da Mai Turare sau ɗaya a falo. Ya baje a kujera, ya saki maɓallin ciki, ya fara tallan kansa.

“Ƙanwata, ki bar yaron nan mai jiran a hau masa bene. Ni ko ina kwance kuɗi shigowa suke. Duk wanda ya sa hannu ta wurina, kowace shekara ina da rabona a cikin abin da ya tara, har ranar da za a kai shi makwancinsa. Tsofaffi sun fi daɗi ma, ba sa tambaya. Ki ba su shayi, ki tambayi lafiyar gwiwa, shi ke nan.”

Ya yi dariya yana tsotsar haƙori.

Ta dubi agogon bangon da ya kawo, ta dubi kwalin madarar da ke gefen ƙofa. Ta miƙe ba sallama, ta shiga bayi ta wanke hannunta da sabulu, alhali ko taɓa shi ba ta yi ba.

Da ta gaya wa Abba, faɗa ya rufe ta da shi. Ya ce Mai Mita ne ya kitsa mata, hassada ce ta 'yan sana'a ɗaya.

“Abba, kada ka yarda da ni. Tambaya ɗaya kawai ka yi wa yaron kirkin naka a gabana: wa ke biyansa? In na yi ƙarya, na bar maganar Mai Mita har abada.”

Ta san halin Abba, in ya riƙe alkawari ba ya saki. Ta tura saƙo: “Mai Mita, na sa mu a caca. Ka yi mana addu'a.”

Ya amsa: “Ko me ya faru ina nan, Direbata. Kada dai ki ɗaga wa Abba murya.”

Mai Turare ya zo da yamma da ledar tuffa. Abba ya bari ya zauna, sannan ya yi tambayar yana harararta, irin ta bari ki ji kunya.

“Ni? Ai kamfani ne, Babana! Kai dai shawara kyauta kake samu.”

“Kamfanin daga ina yake samo abin da yake ba ka?”

“Ɗan wani abu ne ake gutsura duk shekara, bai taka kara ya karya ba.”

“A gutsura daga ina?”

Mai Turare ya gyara zama, ya washe baki. “Daga asusun mana, Babana, kowa haka yake yi. Kuma me ye na damuwa? In na zama ɗan gida ai shi ke nan, kuɗin gida sun dawo gida.”

Abba ya daɗe yana kallon ledar tuffar nan.

“Wato wannan ma ni na saya.”

“Haba Babana…”

“Kada ka ƙara ce min Babana. Ɗauki kayanka. Agogon ma sauke shi.”

Mai Turare da kansa ya sauke agogon, ya fita da shi a hammata, turarensa ya zauna ya ƙi bin sa. Umma ta buɗe tagogi duka, ta ce, “Alhamdu lillahi, yau kujerata ta huta.”

Abba bai ce ya yarda ba. Kwana da kwanaki ba ya cin abinci sosai. Rannan dai ya ja gwiwoyinsa ya hau benen kantin magani shi kaɗai, ya ce a duba masa yadda zai bar kamfanin nan. Mai Mita ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo ruwa, sannan ya ce ya gafarce shi, ba zai iya ba.

“Abba, ina neman abu mai girma a hannunka. Duk abin da na faɗa maka yau, ba za ka san ko don kai na faɗa ko don kaina ba. Bari in raka ka wurin wadda ba ta neman komai a gidanka.”

Ya riƙe masa hannu suka sauko a hankali. Dattijuwar abokiyar aikin ba ta ɓoye masa komai ba: abin da aka gutsura ya tafi, fita kuma sai da tara, kuma shagon fenti ba zai rufu a lokacin da ya ci buri ba. Abba ya dawo gida, ya zauna a bakin gado, ya ce wa Umma ta gaya wa Mai Mita ya turo manyansa.

Ranar ɗaurin aure gida ya cika da ɗalibanta, kowace na ba da labarin yadda ta kusa tura jar motar cikin kwata. Ango ya turo saƙo tun kafin a watse: “An shafa fatiha, matata.” Ta rungume wayar a ƙirji tana dariya da hawaye.

Kafin a tafi da ita Abba ya kira ta ɗakinsa. Ta durƙusa a gabansa. Hannunsa duk sabon fenti a gefen farce, don ko jiya sai da ya buɗe shago.

“Uwata, kuɗin ba su ne ke hana ni barci ba. Zan ƙara wasu shekaru a shago, Allah zai ba ni iko.” Ya dube ta. “Mutumin nan guminmu ya ci, ni kuma don godiya saura kaɗan in ɗora masa ke a kai. Ki yafe min.”

Ta kifa kanta a gwiwarsa mai ciwo ta fashe da kuka. “Abba, ba ka yi min komai ba.”

Ya dafa kanta. “Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare cikin rufin asiri. Tashi ki je, mijinki na jira.”

Daga bakin ƙofa Umma ta ce amin, tana share ido da gefen mayafi.