Kukan Aro

A tsakar gidan kafinta yaran ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa suke gwaji, domin ana sake rufin ɗakin taron da suka saba haɗuwa a ciki. Babban ɗan gidan ne shugabansu, har mahaifinsa ma Darakta yake ce masa don zolaya. Ƙanwarsa Auta kuwa ita za ta fito a matsayin uwar da ɗanta ya nutse a ruwa.

Ran nan rana ta yi ja, inuwar tarin katakai ta miƙe har ƙofar ɗakin ajiya. Auta ta durƙusa rungume da ƙunshin tsummoki, ta saki kuka mai ratsa jiki, har Umma ta leƙo daga ɗakin girki da ludayi a hannu. Darakta ya tafa. "Ya isa!" Nan take ta miƙe, ta wurga ƙunshin kan benci, ta kece da dariya.

"Yaya, na iya ko ban iya ba?"

Dogo, mai fitowa a matsayin mijin, ya ce, "Ni dai ranar da na mutu, ke zan ɗauka haya."

Ba su gama dariya ba dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo shi. Kafinta ya zagaya bayan gida da sanda, bai ga kowa ba. Da ya ɗauki dutse guda, sai ya ji shi a jiƙe, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba.

Tun daga ranar, da magariba ta kawo jiki sai jifa ya tashi. Daga baya aka fara jin murya a ɗakin ajiya, can ƙasa-ƙasa, tana maimaita maganganun Auta na cikin wasan, ba ta kuskure ko kalma. Yaran suka janye ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Darakta ya nace iska ce kawai, ga ranar wasa ta matso, an riga an gayyaci mutane.

Auta ta daina ci, ta daina surutu. Wata yamma Umma ta same ta zaune a cikin dusar katako, tana jijjiga ƙunshin tsummokin nan a cinya. Umma ta miƙa hannu za ta karɓa. Yarinyar ta ɗago, da muryar tsohuwa ta ce, "Kada ki taɓa shi."

Kafinta bai tsaya neman takalmi ba, ya tafi ya ɗauko malamin da ke yi wa masu iska magani.

Malam ya zauna kan benci, ya sa aka riƙe ta, ya fara karatu a hankali. Can Auta ta banƙare, Darakta da mahaifinsa suka danne ta da ƙyar.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Na riga ku zama a nan. Tun ba a kafa tubalin gidan nan ba."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Kullum sai ta yi kukan ɗa, sannan ta tashi tana dariya." Muryar ta karye. "Nawa ɗan ya mutu a wurin nan. Ranar kukana ya ƙafe, bai sake zuwa ba. Ita tana da shi, wasa take yi da shi. Ku bar mini ita."

"Ba za a bar miki ita ba."

"To muryar kaɗai."

"Ita ma ba taki ba ce. Ki fita, ko in ci gaba."

Malam ya ɗaga karatun. Jikin Auta ya hau kakkarwa, aka ji duwatsu suna zuba kan kwano kamar za su huda shi.

"Tsaya! Ka ara mini maƙogwaronta sau ɗaya. In yi kukan, in kai shi ƙarshe, kada kowa ya katse ni. Sai in tafi."

Malam ya dubi kafinta, kafinta ya dubi matarsa. Umma ta gyaɗa kai. Malam ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya halicce ta ba za ta dawo ba, sannan ya ce a saki yarinyar.

Kukan da ya fito bai yi kama da na gwaji ba. Ba shi da daɗin ji, ba shi da kalmomi. Darakta ya toshe kunnuwa, ya juya fuskarsa ga bango. Umma, wadda ta binne ɗanta na fari tun kafin a haifi waɗannan biyun, ta rarrafa ta rungume jikin 'yarta, tana bubbuga bayanta.

"Sannu, baiwar Allah. Allah ya ba ki haƙuri."

Kukan ya sassauta. "Ba wanda ya taɓa yi mini gaisuwa," in ji muryar.

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, ruwa ta nema, da wata 'yar murya a dushe.

Aka ɗage wasan har sai da Auta ta warke kuma aka gama rufin ɗakin taro. Kafinta ya so ya hana ta, ta ce za ta yi. Ranar wasan ɗakin ya cika maƙil, mata suka fito suna share hawaye. Umma kaɗai ce ba ta je ba. Da maƙwabta suka tambaye ta dalili, ta ce ita ta riga ta ji.