Idon da Aka Kafa a Kan Soro

Ana gab da magariba Hajo tana kwashe tuwo a tsakar gida, sai dutse ya faɗo kusa da murhu. Ta ɗaga kai za ta zagi yaran unguwa, na biyu ya sauko a hankali, kamar an ajiye shi da hannu. Kaji suka yi tsit. A ɗaki, 'yarta Sumayya ta ƙwalla ƙara.

Hajo da mutanen gida suka same ta a lungun gado, ta lulluɓe da zannuwa har ka, jikinta na rawa.

"Inna, kallona suke. Ku rufe ƙofa."

Babu kowa a ɗakin. Amma daga ranar Sumayya ba ta sake taka tsakar gida ba. An toshe taga da tabarma, an rataya bargo a ƙofa, duk da haka ta ce idanu na bin ta ta cikin bango. Ta daina wanka, ta daina cin abinci sai a ƙarƙashin mayafi. Kowace yamma duwatsu na sauka, gidan ya yi nauyi, har baƙi suka ɗauke ƙafa.

Yayanta Mudathir yana da shafinsa na intanet, wanda ya fi kula da shi fiye da cikinsa. Kullum yana cikin gyara, yau ya sauya launi, gobe ya ɓata abin da ya gyara jiya. Sabon abin da ya ƙirƙiro shi ne ɗaure tsohuwar waya a kan soro, ya haɗa ta da shafin, domin 'yan kasuwa daga Maradi har Katsina su ga layin manyan motoci a hanyar boda kai tsaye. Ya ji daɗin kansa ƙwarai. Bai lura ba cewa tsohuwar tsamiyar bayan gida ta cika rabin hoton.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka ɗauko Malam Dalhatu daga Bugaje. Ya zauna a bakin ƙofa yana karatu, rana tana shirin faɗuwa. Can sai mayafin ya daina rawa. Muryar da ta fito ta dattijo ce, a shaƙe, cike da ɓacin rai.

"Malam, ni musulmi ne kamarka. Tsamiyar can gidana ce, iyalina a kulle suke."

"To mi yarinya ta yi maka?"

"Ba ita ba. Wancan." Hannun Sumayya ya fito ya nuna Mudathir. "A garin nan ko mai yaɓe zai hau soro, sai ya ɗaga murya ya ce mata su yi sutura. Shi ya hau bai ce komai ba, ya kafa ido ya sauko. Yanzu direbobi da 'yan kamasho suna kallon matata tana shanya. Na ce bari gidansu ma su ɗanɗana."

Kunya da tsoro suka rufe Mudathir. Ya hau soro yana neman afuwa da ƙarfi, ya kwance wayar. Ya sauko ya buɗe kwamfuta a gaban kowa, ya cire shafin, ya goge duk hotunan da ya adana.

"Ya goge," in ji malam. "Ka fita, don girman Allah."

"Ya goge nasa. Waɗanda suka riga suka gani fa? Zai shiga idanunsu ya goge?"

Hajo ta fashe da kuka. Mudathir ya dubi ƙanwarsa, ƙashin wuyanta duk ya fito.

"Ni na yi laifin," ya ce. "Ka sake ta."

"Ka yarda abin ya dawo kanka?"

Malam ya ɗaga hannu zai hana, amma Mudathir ya riga ya ce ya yarda.

Sumayya ta yi atishawa, ta yaye mayafi, ta ce yunwa take ji. Ta tashi ta fita tsakar gida da ƙafarta, Hajo na bin ta da hamdala.

Mudathir bai bi su ba. Daga saman bango, daga bayan ƙeyarsa, ya ji wani ya zuba masa ido, a natse, babu ƙiftawa. Ya jawo bargo ya rufa, ya roƙi malam ya ja masa ƙofa in zai fita.