Tara a Cikin Baho

Magariba ta kawo jiki lokacin da Mai Ɗinki ta rufe kekenta, ta ɗauki bokiti, ta nufi kududdufin da ke bayan wani kango. Kwana goma ke nan tana wannan sintiri, duk saboda 'ya'yan kwaɗi tara da ke iyo a bahon wankinta.

Kada ka yi mata dariya. Autarta 'yar shekara biyar ce, kuma tun da zazzaɓi ya kwantar da ita ta yi wata biyu ba ta ce uffan ba, abinci kuwa sai da ɗura. Ranar da suke dawowa daga asibiti suka bi ta bakin ruwan, yarinya ta ja ta tsaya. Ruwa ya janye ya bar ɗan kaɗan a sawun tayar mota, wasu baƙaƙen halittu, daga kai sai wutsiya, suna mutsu-mutsu, rana na shirin soya su. Auta ta buɗe baki ta ce, "Umma, ƙishirwa suke ji." Uwar ta kwashe su a gorar ruwa tana hawaye. Tun ranar Auta take cin abinci, in dai a gaban baho ne, tana jefa musu dafaffen ganye tana kai nata baki.

Matsalar ɗaya ce, ruwa. Na famfo ya kusa kashe su ranar farko, suka yi ta juyewa ciki sama. Sai dai na kududdufinsu, sabo kullum, ita kuwa ba ta samun tashi daga ɗinki sai rana ta faɗi.

"Ke dai kunnen ƙashi gare ki," in ji mahaifiyarta. "Ruwan da ba a sha, ba a wanki da shi, ai da masu shi."

"To su zo su faɗa da bakinsu, Inna."

Yau tun daga nesa ta ji wurin ba daidai ba. Kullum kukan kwaɗi ke tarbarta kamar kasuwa ta ci. Yau tsit. Ko sauro babu. Sai warin taɓo da ruɓaɓɓen ganye, da wani ƙarni kamar na ɗakin mai jego.

Ta yi bisimilla ta tsoma bokiti. Ruwan da ɗumi.

"Baiwar Allah."

Muryar daga ƙasa ta fito, daga cikin ciyawa, a shaƙe kamar mai magana da ruwa a baki. Wata mata ce tsugune a wancan gefen, zane jiƙe sharkaf, gwiwoyinta sun wuce kunnuwanta. Maƙogwaronta na kumbura yana saɓewa.

"Na ƙirga, tara babu."

Gaban Mai Ɗinki ya faɗi. Tsoro ya kama ta, ba ƙarya.

"Ki dawo min da su yau," matar ta raɗa. "In ba haka ba mu yi musaya. Taki ɗaya ce, na ji muryarta. Tana da daɗi."

Ai kuwa nan tsoron ya koma wuta.

"Musaya? Sannu, uwar 'ya'ya! Kina ina ranar da rana ke gasa su a sawun taya? Wa ya tsugunna ya kwashe su? Wa ke dafa musu ganye? Sai da suka yi ƙiba kika iya lissafi?"

Ruwan ya fara motsi ba iska.

"'Ya'yana ne," in ji matar.

"Naki ne, ban musa ba. Ranar da suka yi ƙafa su taho da kansu, ba zan tare su ba. Amma yau ko ɗaya ba zan ciro daga gaban 'yata tana cin abinci ba. Ki yi abin da za ki yi."

Ta cika bokitinta. Ta juya.

Ƙafarta ta ƙi ɗaguwa.

Taɓo ya haɗiye ta har idon sawu. A cikin taɓon akwai yatsu, masu sanyi, masu santsi, suna hawa.

Ƙwauri.

Gwiwa.

Ta ji numfashi a ƙeyarta, alhali matar tana can tsallake ba ta motsa ba.

Ayar da ta zo bakinta ta ja da ƙarfi, ta fizge ƙafa. Takalmin ya tafi, da fatar dugaduginta. Ta ruga a guje, ruwa na fantsama a zaninta, amma wallahi ba ta saki bokitin ba. Ta isa gida da rabinsa, ta juye a baho, ta ce wa Auta, "Ci abincinki."

Da safe aka tsinci takalmin a bakin ƙofa, an wanke shi tas.

Mako uku bayan haka wutsiyoyi suka shanye, ƙafafu suka fito. Mai Ɗinki ta cika alkawari, ta buɗe ƙofa, tara suka fita tsalle-tsalle, Auta na yi musu sai wata rana. Yarinya ta yi kumatu, surutu kuwa har sai an ce ta yi shiru.

Sai dai har yau, da zarar magariba ta yi, dokin ƙofar gidan yakan jiƙe, daidai faɗin mazaunin mutum. Baho ya daɗe a kife, babu kowa ciki. Inna ta ce su tashi su bar gidan, tunda ta san muryar wadda ake zuwa saurare.

Mai Ɗinki ba ta tashi ba. Kekenta ta jawo ta gindaya a bakin ƙofar, ta zaunar da Auta a bayanta. Kullum a nan take ɗinki har a yi isha, tana taka keken da ƙarfi don ya danne muryar yarinyar, idonta a kan wurin da ya jiƙe.