Layi Arba'in na Baba

Ranar da ta fara ganinsa, ɓarna ta tarar yana yi. Sabon ma'aikaci ne, dogo kamar falwaya, ya zauna a kamfanin mahaifinta yana goge layi arba'in na umarnin kwamfuta daga manhajar motocin haya.

"Malam, kanka ɗaya? Baba ne fa ya rubuta wannan da hannunsa!"

"Duba ki gani," in ji Dogo, ko ɗagowa bai yi ba. "Manhajar nan rukuni-rukuni ce, kowane rukuni aji muke ce masa. Babban aji, wato Abin Hawa, sai ya tsaya tambaya: kai babur ne? Ke bas ce? Sannan ya zura hannu cikin kayan ƙananan azuzuwan da suka gaje shi. Ai sunan aikin kawai zai ambata, kowane ƙarami ya cika nasa."

Faɗa ta zo yi, ta koma da murmushi. Kafin wata uku an kai ga "Gimbiyata."

Da Baba ya gano gogewar da soyayyar, ya mayar da layukansa, ya kori Dogo. "Wanda ya shiga aikina ba sallama ba zai zama surukina ba. Ga Manaja nan, mai ladabi." Manajan da ko atishawa Baba ya yi sai ya ce daidai ne.

Saƙon Dogo ya shigo: "Gimbiyata, in je in ce na yi kuskure? Saboda ke zan iya."

Ta amsa: "Ka ba shi haƙurin rashin sallama. Amma idan ka ƙaryata gyaranka, ni ma na fasa."

Ana haka masu motocin suka ƙaro keke mai ƙafa uku. Babban aji bai san shi ba, manhaja ta tsaya cak. Manaja ya ce a ƙara layi na arba'in da ɗaya. Ita ko ta ɗauko gyaran Dogo ta saka, keke ya wuce sumul.

Baba ya gyara tabarau. "Kai, aiki tsaf! Jinina ke nan!"

"Ba nawa ba ne, Baba. Na wanda ka kora ne. Ka gafarce ni, amma shi zan aura, ko in yi furfura a gidanka."

Baba ya sake bin gyaran a allo. "Ce masa ya turo magabatansa. Wannan karon ya yi sallama."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun Dogo, ya rage murya. "Na sami irin layukan nan nawa a wata manhajar. Da hannuna na goge. Allah ya yi muku albarka, ɗana."